Wa'adin Shigar da Ƙara da Cutar da Ba Ta Bayyana da Wuri: Darasi Daga Gubar Dalma a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk wanda aka ci wa hakki yana da damar zuwa kotu duk ranar da ya ga dama. A dokokin Nijeriya abin ba haka yake ba. Kusan kowace irin ƙarar neman hakki, watau ƙarar da mutum ke kai wani don neman bashi, ko gona, ko diyyar wata ɓarna, tana da wa'adin da doka ta yanka mata. Idan wa'adin ya wuce, kotu ba za ta saurari ƙarar ba, ko da kuwa gaskiyar mai ƙara a fili take kamar rana.

Wannan lacca za ta duba dalilin da ya sa aka yanka wa'adin, da inda ya samo asali, da hanyoyin da ake bi a tsawaita shi. Za a auna maganar da abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara masu yawa, ta kuma bar waɗansu da lahanin da ba a gane shi sai bayan shekaru. Abin da ake son nunawa shi ne, adalcin kowane wa'adi ya dogara ne a kan ranar da aka fara ƙirga shi. Wa'adin da ya fara gudu tun mai hakki bai san an cuce shi ba, ko tun bai iya tsayawa gaban alƙali ba, ya kauce wa manufar da aka kafa shi dominta.

Dalilin yanka wa'adi

Masana shari'a sukan kawo dalilai uku. Na farko, shaida tana tsufa. Shaidu sukan mutu ko su manta, takardu sukan ɓace ko gara ta cinye su, har alƙali ya rasa abin da zai kafa hukunci a kai. Na biyu, bai kyautu mutum ya zauna har abada da fargabar ƙara a kan abin da ya faru tun yana saurayi ba. Na uku, ana son mai hakki ya tashi ya nemi hakkinsa da wuri, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ya kamata a bambanta wa'adi iri biyu, don ana yawan cakuɗa su. Akwai wa'adin da ke gudu bayan an riga an shiga kotu, kamar na ɗaukaka ƙara. Alal misali, wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukuncin ƙarshe a ƙarar neman hakki yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara, amma idan ya makara, kuma ya kawo uzuri mai ƙarfi, kotu tana da ikon ƙara masa lokaci. Akwai kuma wa'adin shigar da ƙarar tun farko. Wannan doka ce ta majalisa ta yanka shi, saboda haka alƙali ba shi da ikon ƙara ko kwana ɗaya a kai, sai fa in dokar ce da kanta ta buɗe masa ƙofa. A kan wannan na biyu ne maganar za ta tsaya.

Asalin dokokin a Nijeriya

Tushen wa'adin nan dokar Ingila ce ta 1623, wadda ta ba da shekara shida ga mafi yawan ƙararrakin bashi da na ɓarna. Da Turawa suka kafa mulkinsu, suka shigo da dokokin Ingila na gama-gari waɗanda ke aiki a can ranar 1 ga Janairu, 1900. Ta haka ne dokar da aka rubuta a London kusan shekara ɗari uku kafin cin Sakkwato ta zama abin aiki a manyan kotunan Arewa. Jihar Yamma ta yi tata dokar a 1959, gwamnatin soja ta yi wa Ikko a 1966, daga baya sauran jihohi da dama suka bi sahu. Shi ya sa adadin shekarun ya bambanta daga jiha zuwa jiha: bashi da ɓarna shekara shida a waɗansu, biyar a waɗansu, ƙasa shekara goma sha biyu a waɗansu, goma a waɗansu.

Akwai kuma wata doka da ta fi kowace tsanani, wadda ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati ya san ta, watau Dokar Kare Ma'aikatan Gwamnati, wadda asalinta ya koma 1916. Ta ce duk wanda zai kai ƙarar ma'aikaci a kan abin da ya aikata, ko ya yi sakacin aikatawa, a bakin aikinsa, to ya shigar da ƙarar cikin wata uku. A 1998, a shari'ar Ibrahim da Kwamitin Ma'aikatan Shari'a na Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar nan ta haɗa har da ma'aikatu da hukumomi, ba mutum ɗaya ɗaya kaɗai ba. Kotuna sun cire waɗansu abubuwa daga ƙarƙashinta, kamar rikicin kwangila, da neman ƙasa, da aikin da aka yi da mugun nufi ko a wajen ikon ofis. Dokar da kanta ta yi wa fursuna rangwame, ta ce nasa wata ukun sai ya fito daga gidan yari za a fara ƙirgawa. Amma ba ta ambaci ƙaramin yaro ba.

Abin da ya faru a yammacin Zamfara

Ƙasar Anka, da Bukkuyum, da Gummi tana yammacin Jihar Zamfara, jihar da aka cire daga Sakkwato a 1996. Mutanenta manoma ne, amma akwai zinariya a ƙarƙashin ƙasar yankin. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabo, har ya haura dala 1,200 kowace oza a 2010. Sai samari da magidanta suka dunguma zuwa ramukan haƙa. Suna kawo duwatsun gida, a farfasa su, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Abin da ba su sani ba shi ne, duwatsun da suka tarar a wannan karon cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ɗakuna, ta sauka a kan abinci, ta gauraya da ƙasar da yara ke rarrafe a kai suna kai hannu baki.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido a kan annoba irin ta sanƙarau, suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa bayan amai da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. Gwajin jini ya nuna dalma ce. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun mutu cikin shekara guda. An ƙiyasta yaran da suka rasu a yankin sun kai 400. A waɗansu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta yarda da ita a wuraren wasan yara a lokacin ita ce 400. Daga 2010 zuwa 2011 aka kankare ƙasar ƙauyuka bakwai, cikinsu har da Dareta, da Abare, da 'Yargalma, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka share ta, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. An yi wa dubban yara magani, kuma MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022.

Maganin yana rage dalmar da ke cikin jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwa. Dalma kuma takan kwanta a ƙashi shekaru masu yawa. Yaron da ya tsira yana iya tashi lafiya lau a ido, sai an sa shi makaranta a ga ba ya riƙe karatu. Wani ciwon ƙoda ko hawan jini ne zai same shi bayan ya girma. Yarinyar da ta sha gubar tana goye, idan ta yi aure ta sami ciki, dalmar da ke ƙashinta tana iya komawa jini ta isa ga ɗan da ke cikin. Wannan ita ce irin cutar da ke shiga yau, ta bayyana bayan shekara goma ko ashirin.

Inda wa'adi ya ci karo da irin wannan cuta

Tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga Ingila ita ce, wa'adi yana fara gudu daga ranar da ɓarna ta auku, ko wanda aka yi wa ya sani ko bai sani ba. A ɗauki yaron da ke da shekara biyu a Bagega a 2010. Sai a 2026 ya cika shekara goma sha takwas. Idan wanda zai kai ƙara mutum ne ko kamfani, dokokin wa'adi na gama-gari tun daga ta 1623 sun yarda a jira yaro ya girma kafin a fara ƙirga masa. Idan kuwa hukuma ce yake zargi da sakaci, ko da jinkirin share garinsu, to wata ukunsa sun ƙare tun bai iya magana sosai ba. Mahaifinsa, wanda ya riga ya girma a lokacin, ba shi da ko wannan rangwamen na ƙuruciya.

Ana iya cewa ai Dokar Kare Ma'aikata ta yi togaciya ga cutar da ke ci gaba, ta ce a fara ƙirga daga ranar da ta tsaya. Haka ne, amma kotuna sun fassara wannan da ci gaban aikin da ke jawo cutar, ba ci gaban raɗaɗinta ba. An ga irin wannan fassara a 2023 a Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Jalla da kamfanin Shell, kan man da ya malala daga rijiyar Bonga a watan Disamba na 2011. Masu ƙara suka ce man yana nan a gaɓar tekunsu, saboda haka kowace rana sabuwar ɓarna ce. Kotun ta ce malalar sau ɗaya ta faru, daga nan wa'adi ya fara. Wanda zai ce dalmar da ke ƙashinsa ɓarna ce mai ci gaba, irin wannan amsa zai iya gamuwa da ita.

A kan wannan sai a ƙara wahalar isa kotun. Tsarin Mulki na 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukan ma'adinai, ya kuma ba Babbar Kotun Tarayya ikon sauraron shari'ar da ta shafi haƙar su. Mutumin Gummi ko Bukkuyum sai ya tafi Gusau, ya nemi lauya, ya nemi takardar likita. Ga kuma rashin tsaron da ya addabi yankin, wanda har ya sa aka haramta haƙar ma'adinai a jihar daga 2019 zuwa ƙarshen 2024. Doka ba ta tsayar da ƙirga don hanya ta ƙi biyuwa.

Hauzi a shari'ar Musulunci

Batun wa'adi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa alƙalai suna aiki da hukuncin hauzi, kamar yadda ya zo a littattafan Malikiyya irin su Risala, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim, kuma kotunan shari'ar Musulunci suna aiki da shi har yau. Idan mutum ya riƙe gida ko gona shekara goma, yana gini, yana rushewa, yana noma kamar mai shi, sa'an nan wani ya zo ya ce nasa ne, ba za a saurari mai da'awar ba. Tsakanin 'yan'uwa kuwa sai an kai wajen shekara arba'in, don an san ɗan'uwa yakan yi wa ɗan'uwansa kawaici.

Abin lura shi ne sharuɗɗan da malamai suka gindaya. Sai mai da'awar ya kasance yana gari, yana gani, ya san abin nasa ne, kuma babu abin da ya hana shi magana. Shekarun da ya yi a tafiya mai nisa, ko yana yaro, ko ba ya cikin hankalinsa, ko yana tsoron mai iko, ba a lissafa su. Haka nan aro, da jingina, da haya ba su zama hauzi komai daɗewa. Watau a wurin malaman nan, shirun mai sani kuma mai iko shi ne hujja, domin yana nuna cewa ya sallama ko kuwa da ma ba shi da hakki. Shirun wanda bai sani ba ba ya nuna komai. Kundin Majalla na Daular Usmaniyya, wanda aka kammala a 1876, ya bi wannan hanya: ya yanka shekara goma sha biyar, ya kuma cire lokacin uzuri daga lissafi.

Yadda Ingila ta gyara tata dokar

Ingila, inda aka ɗauko tsohuwar ƙa'idar, ta daɗe da barin ta. A 1954 ta soke gajeren wa'adin da ke kare hukumomin gwamnati, ta daidaita su da kowa. A 1963 aka yi shari'ar Cartledge da kamfanin Jopling. Ma'aikata ne da suka shekara suna shaƙar ƙura a masana'antar ƙarfe, huhunsu ya lalace tun kafin alamar ciwo ta fito. Kotun ƙoli ta ƙasar ta ce wa'adinsu ya wuce, ko da yake alƙalan sun nuna cewa sakamakon bai yi musu daɗi ba. A cikin shekarar majalisa ta gyara dokar. Dokar 1980 da ke aiki a can ta ba wanda aka ji wa rauni a jiki shekara uku daga ranar da ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, cewa raunin babba ne kuma ga wanda ya jawo shi. Sashe na 33 na dokar ya ba alƙali ikon ɗage wa'adin ɗungum idan adalci ya bukaci haka.

Da wannan sashe ne waɗansu tsofaffi 'yan Kenya suka sami shiga kotu a London a kan azabar da aka yi musu a zamanin tawayen Mau Mau, cikin shekarun 1950. A 2012 alƙali ya yarda a saurare su, ganin cewa akwai isassun takardun da za a yi shari'ar gaskiya da su. A 2013 gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9, diyyar mutum 5,228 haɗe da kuɗin shari'a. A nan gida ma an ga yadda sani ke makara. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano ya faru ne a 1996, labarin bai bazu a duniya ba sai a ƙarshen 2000, Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009.

Ƙofofin da ke buɗe a Nijeriya

Dokokin Nijeriya ba su rufe kowace ƙofa ba. Bayan rangwamen ƙuruciya da taɓin hankali, idan wanda ake ƙara ya ɓoye ɓarnar da yaudara, ba a fara ƙirga sai an gano. Wanda ake bi bashi, idan ya amsa a rubuce ko ya biya wani abu daga ciki, wa'adi ya koma sabo. A 2018, a shari'ar Sifax da Migfo, Kotun Ƙoli ta ce lokacin da mai ƙara ya ɓata a kotun da daga baya aka ce ba ta da hurumi ba a lissafa masa shi. Ƙa'idojin neman 'yancin ɗan'adam na 2009 kuma sun ce babu wata dokar wa'adi da ta shafi irin wannan ƙara, alhali na 1979 wata goma sha biyu suka bayar.

Akwai kuma tarkon da talakawa suka fi faɗawa, watau jiran sulhu. A shari'ar Eboigbe da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, an ɓata amfanin gona wajen shimfiɗa bututu a 1979, aka yi ta musayar wasiƙu, ba a je kotu ba sai a 1985. A 1994 Kotun Ƙoli ta ce tattaunawar sulhu ba ta tsayar da wa'adi. Duk wanda aka ce masa ya dawo gobe, ana duba takardarsa, ya san cewa kwanakinsa suna tafiya.

Irin gyaran da ya dace

Soke wa'adi gaba ɗaya ba shi ne magani ba, domin dalilai ukun da aka ambata suna nan daram. Abin da ake bukata gyara ne a wurare huɗu. Na ɗaya, a ƙarar rauni a jiki, a fara ƙirga daga ranar sani. Na biyu, a tsayar da ƙirga ga yaro har ya girma, ko da hukuma ce ake ƙara. Na uku, a tsawaita wata ukun nan, ko a daidaita hukuma da sauran jama'a kamar yadda Ingila ta yi tun 1954. Na huɗu, a ba alƙali ikon ƙara lokaci bisa sharuɗɗa bayyanannu: tsawon jinkirin, da dalilinsa, da ko har yanzu akwai shaidar da za a yi hukunci da ita. Majalisun jihohi suna da ikon gyara dokokinsu na wa'adi, Majalisar Tarayya kuma tana da ikon gyara nata.

Sai dai tsawaita wa'adi ba ya nufin cin shari'a. A batun Zamfara, mafi yawan waɗanda suka kawo duwatsun gida iyayen yaran ne, talauci ya tura su, kuma ba su san akwai guba ba. Mai ƙara sai ya nuna wanda ke da alhakin kula, da yadda ya yi sakaci, da yadda sakacin ya jawo lahanin. Abin da tsawaitawar ke bayarwa shi ne damar a saurari mutum, a auna hujjarsa, a ce ya yi gaskiya ko bai yi ba.

A nan ne aikin ma'aikacin gwamnati ya shigo. Ƙarar da aka kawo bayan shekara ashirin ba ta tsayuwa sai da takarda: sakamakon gwajin jini, da rajistar asibiti, da ma'aunin ƙasar kowane gida, da ranar da aka nemi kuɗi da ranar da aka sake su. Takardun da aka adana su ne suka buɗe wa tsofaffin Kenya ƙofa. Su ne kuma ke wanke ma'aikacin da ya yi aikinsa tsakani da Allah, idan aka zarge shi bayan ya yi ritaya.

Kammalawa

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Malaman fiƙihu sun gane haka tun ƙarnoni da suka wuce, suka ƙi lissafa wa yaro, da matafiyi, da wanda bai sani ba shekarun shirunsu. Majalisar Ingila ta iso wurin a 1963. Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, kuma muddin ana niƙa dutsen zinariya kusa da gidaje yana iya sake faruwa. Yaran da suka tsira daga gubar 2010 yanzu suke shiga shekarun girma, yanzu ne kuma waɗansunsu za su fara tambayar abin da ya same su. Ya rage ga masu yin doka su tabbatar cewa in ɗayansu ya isa bakin kotu, ba za a sallame shi da cewa ya makara ba tun kafin a ji ta bakinsa.